Shahon Soso da Shinkafar Baba Ishaya

Duk ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, sai samari sun taru a bakin shagona a Yelwa. Kayan injin jirgin ruwa nake sayarwa, kuma a cikinsu babu mai ko kwalekwale. Shahon da ke rataye a rufi suke zuwa kallo. Na soso ne, faɗin fikafikansa ya kai hannu biyu a buɗe, da ɗan inji a ƙirji da farfela a baki. Wani zai zaro waya ya nuna mini wani yaro a wata ƙasa yana haɗa irinsa cikin minti goma, ya ce, "Alhaji Umaru, ai abin ba wuya. Soso ne da gam da batir." Sai in ce masa haka ne, tuwo ma gari ne da ruwa.

A gefen shahon akwai wani tsohon gwangwanin madara da ya yi tsatsa, da tsakuwa uku a ciki, a ɗaure da igiya. Ba wanda ya taɓa tambayata labarinsa. To yau zan ba ku, ko kun tambaya ko ba ku tambaya ba.

Rediyona ce ta lalace na kai wa Baba Ishaya gyara, farkon abin ke nan. Lokacin na haura talatin, ina da mata da 'ya'ya uku da rumfa a kasuwa. Baba Ishaya mutumin wajen Wara ne, yana da ɗan shagon gyaran rediyo a bayan tasha. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a wajen madatsar ruwa, inda wasu baƙin injiniyoyi ke tayar da ƙananan jirage ranar hutu, shi kuma yake gyara musu rimot idan ya tsaya. Na ɗaga kai na ga fiffike guda a maƙale a azara. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce, "Wanga ba na sayarwa ba ne, kuma ba na masu sauri ba ne. Rediyonka jibi." Na koma jibi, na koma gata, na yi ta komawa har shekara huɗu.

Aikin farko da ya ba ni yankan soso ne, irin farin nan da ake zagaye sabon firji da shi a cikin kwali. Reza, takardar goga, zare, da ma'auni na katako. Wata biyar ban taɓa rimot ba. In na yanka fiffike, sai ya ɗora shi a kan yatsu biyu ya rufe ido, ya ce, "Hagu ta fi nauyi." In ce, "Baba, ai soso ne, nauyin me gare shi?" Ya ce, "Kai kaka ganin soso. Iska ba ta san soso ba, nauyi ta sani." Ya karya shi a gwiwa ya miƙo mini wani. Na koyi narka dalma a kan waya ba tare da na ƙona ta ba, na koyi gane batirin da ya kumbura tun kafin ya kama wuta, na koyi cewa gam mai ƙarfi cinye soso yake yi kamar gara. Wannan na ƙarshen da hannuna na koye shi, a kan fiffiken da na kwana uku ina gogewa.

A gida kuwa Inna ba ta raga mini ba. Ta ce, "Ɗiyan mutane na gina ɗaki, kai kana gina tsuntsu. In ya yi ƙwai ka kawo min."

Jirgin ruwa ya fara sa ni tuƙawa kafin na sama, ɗan ƙarami kamar tire, a bakin kogi. Dalilinsa shi ne abin da ke kayar da kowane sabon shiga: idan jirgi yana tafiya gaba, damanka damansa ne, amma da ya juyo yana fuskantarka, komai ya birkice. Ka so ya yi dama, ya yi hagu. Ranar farko na so in kawo shi gaɓa, na tura shi tsakiyar ruwa, igiyar ruwa ta ɗauke shi. Muka tsaya muna kallo har ya zama ɗigo. Baba ya ce, "To, ka yi mai addu'a. In Allah ya so, gobe yana Kainji."

Da ya yarda in tayar da na sama, dokoki biyu ya ba ni, ya sa na maimaita kamar ɗan makaranta. Ta farko, rana ta kasance a bayanka, domin in jirgi ya ratsa ta gaban rana ka rasa shi na ƙiftawar ido, ya tafi ke nan. Ta biyu, kada ka ɗauke ido daga kan jirgi, ko da kunama ce ta hau ƙafarka. Na riƙe dokokin nan fiye da yadda na riƙe wasu da suka fi su muhimmanci. Ku ma ku riƙe su, za mu dawo kansu.

Daga baya idon Baba ya yi rauni, gyaran rediyo ma ya mutu tun da waya ta shigo, sai ya rufe shago ya koma ƙauyensu ya kama noman shinkafa shi da matarsa, Mama Saratu. Ni kuwa kasuwa ta buɗe mini. Na yi ta cewa zan je gaishe shi, shekara ta bi shekara. Gaskiya ban je ba.

Kayan rimot ma na riƙa haɗawa ina sayarwa a gefe. Masu saye ba su taɓa yawa ba, amma kowa da irin nasa. Akwai wani Alhaji da ya sayi ƙaramar mota mai rimot ya ce ta ɗansa ce. Bayan mako ya dawo da ita a karye, ya ce yaran yanzu ba sa jin magana. Na ce ina yaron? Ya ce yana makarantar kwana tun watan jiya. Akwai wani Basarke, masunci ɗan gado, da ya sa na yi masa jirgin da zai riƙa ja masa igiyar ƙugiyoyi zuwa tsakiyar ruwa yana zaune a gaɓa. Ya yi aiki kwana tara. Rana ta goma giwar ruwa ta kama, ta tafi da ƙugiya da igiya da jirgi. Ya zo ya ce in ƙara wa na gaba ƙarfi. Na ce sai dai in sa masa injin kwalekwale, kuma in an kai nan ai gara ya shiga ciki da kansa kamar yadda ubansa ya yi.

Shahon kuwa don jin daɗina na yi shi. Na yi masa fenti ruwan ƙasa, na zana masa gashi da gawayi, na ba shi wutsiya mai faɗi. Ranar da na gwada shi a bayan gari, kajin unguwa suka shige ƙarƙashin rumbu, mata suka fito suna ihu suna kaɗa zane. A cikin masu kallo akwai Alhaji Bawa, babban manomin shinkafa, wanda ke sayen kayan injin ban-ruwa a wajena. Bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Umaru, abin nan zai kori jan-baki?"

Shekarar nan ita ce muguwar shekarata. Jan-baki sun zo da yawan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Wanda bai taɓa gani ba, ƙananan tsuntsaye ne, ɗaya bai cika tafin hannu ba, amma idan suka taso sai ka ce hadari ne ya haɗo. Lokacin da shinkafa ta fid da kai tana ɗaukar nono suke so. Su sauka su tsotse, su bar maka kan shinkafa a tsaye kamar lafiya lau, alhali babu komai a ciki.

Gonar Alhaji Bawa tana wata fadama a ƙasar Ngaski, ta shimfiɗe a bakin ruwa, ruwan yana yamma da ita. Daga bayanta, ta wajen tudu, ƙananan gonakin mutanen ƙauyen ne a jere. Na ga rumfunan tsaro a kan sanduna, na ga igiyoyi sun ratsa gonaki da gwangwanaye a rataye. Na dube su kamar yadda mai mota ke duban jaki. Alhaji ya sallami masu tsaronsa tun ranar farko, ya sa aka kwance igiyoyinsa. Ya ce zamani ya zo.

Kuma aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da safe in tsaya ta gefen tudu, rana a bayana, in tayar da shaho. Tsuntsaye su tashi gaba ɗaya su yi wajen ruwa. Da la'asar, da rana ta koma yamma, in zagaya in tsaya ta bakin ruwa domin ta kasance a bayana, in sake tayarwa. Gona ta yi fes. Batir huɗu nake juyawa, biyu na aiki biyu na shan rana a kan sola. Alhaji yana zaune a inuwa yana kiran abokansa a waya yana cewa su zo su ga ikon Allah. Ni kuwa idona na kan jirgi, kamar yadda aka koya mini. Ina jin ihu da ƙarar gwangwani daga nesa, na ɗauka murna ake taya mu.

Rana ta biyar aka aiko Sarkin Noma na kira. Ni da Alhaji muka tarar da mutane a ƙarƙashin mangwaro, fuska ba walwala. A tsakiyarsu ga wani tsoho a kan tabarma da baƙin tabarau irin na waɗanda aka yi wa aikin ido. Sai da ya yi magana na gane Baba Ishaya ne.

"Umaru, ashe kai ne. Na ce da su wanga juyi na hannun hagu na san shi."

Na durƙusa na gaishe shi. Sarkin Noma ya bari muka gama, sannan ya yi mini bayanin abin da kowane yaro a fadamar ya sani, ni da gemuna ban sani ba. Mutanen wurin tare suke shuka cikin mako guda, domin shinkafa ta nuna tare, tsuntsu ya rasa wadda zai tarar wa. Kuma kora tana da alƙibla. Ana farawa daga gonakin tudu, gona ta miƙa wa gona, har a kai su ciyawar bakin ruwa inda ba shukar kowa. Ba a taɓa kora daga ruwa zuwa tudu. Ni kuwa kowace la'asar, lokacin da suka fi yawa, ina tsayawa a bakin ruwa in kwashe su duka in zuba a kan ƙananan gonaki. Tsuntsun da ya ga shaho kuma ba ya jin gwangwani. Gonar farko bayan iyakar Alhaji ita ce ta Baba Ishaya, wadda shi da Mama Saratu za su ci har wata shekara.

Baba ya ɗauko kan shinkafa guda daga aljihu, ya murza a tafin hannu, ya hura. Duka ya tashi.

Alhaji Bawa ya gyara babbar riga ya ce, "Ranka ya daɗe, ni gonata na tsare. Tsuntsu ai na Allah ne."

Sarkin Noma ya ce, "Awo, na Allah ne. Amma wa ya nuna musu hanya?"

Wani daga baya ya ce a ƙona abin kawai. Baba ya ɗaga hannu.

"Ku dakata. Umaru, in kana tashinai da la'asar, ina rana take?"

"A bayana, Baba."

"Idonka fa?"

"A kan jirgi."

"Ko sau ɗaya ba ka duba inda sunka sauka ba?"

"Ban duba ba, Baba."

Ya juya ga jama'a ya ce, "To kun ji. Yaron ga bai yi kure ko ɗaya ba. Ni na koya mai, kuma ban taɓa samun mai riƙe karatu kamarsa ba. Shekara huɗu ina wasa wuƙar da za ta yanka min shinkafa."

Mutane suka fashe da dariya, har wanda ya ce a ƙona. Ni dai ban samu abin dariya ba. Na ce zan aiko da buhunan shinkafa daga Yelwa, iya abin da gonar ke bayarwa. Ni ɗan kasuwa ne, haka na san ana gyara ɓarna. Mama Saratu ce ta amsa daga inda mata ke zaune.

"Ba mu mutu ba da za a kawo muna sadaka. Rabin gonar na nan tsaye. Mai tsaro muka rasa, tun da tsohon ga bai gani, ni kau muryata ta tafi."

Sarkin Noma ya ce abin ai yana da hukunci tun kakanni: wanda ya koro, shi ke tsaro har a yanke. Aka lissafa, saura kwana goma sha shida. Aka ce Alhaji ya mayar da igiyoyinsa da masu tsaronsa. Shaho kuma ya kwanta.

Washegari tun da asuba na hau rumfar tsaron Baba Ishaya, ni Alhaji Umaru mai shago biyu, da tumbina, sandunan suna kuka a ƙarƙashina. Igiyoyi shida ne suka taru a gabana, kowace ta tafi wani sashe na gonar. Da garken farko ya taso, na damƙe su duka na fizga ina ihu. Tsuntsayen suka ɗan ɗaga, suka koma suka zauna a ɗaya gefen.

Mama Saratu ta ce, "Kai, ɗan birni, wa ya ce ka ja duka? Ka gaya musu ke nan duk abin da kake da shi."

Ita ta zama malamata. Ba a ja tun suna sama, sai sun karya fiffike za su sauka. A fara da igiyar can baya ta wajen tudu, sannan mai bi mata, sannan mai bi mata, ƙarar ta riƙa tafiya kamar ana sharar ɗaki zuwa ƙofa. In sun tashi ka kira sunan mai gonar gaba ya karɓa. Majajjawa kuma ba don ka samu tsuntsu ba ce, don dunƙulen laka ya fashe a bayansu. Kwana uku kafin in iya, wato ya fi yankan soso saurin koyo. Baba yana zaune a ƙarƙashin rumfar da 'yar rediyonsa, yana sauraron gwangwanayen yana gyara mini. "Ta uku ta makara." Ko ya ce, "Hagu ta fi nauyi."

Wata rana ya ɗago kai ya ce, "Yaya ka ga rimot namu? Ka taɓa nan, ya motsa can. Bai son batir, bai son sola. Tuwo kawai yaka ci."

Labari ya kai Yelwa. 'Yan kasuwa biyu suka hau babur takanas suka zo kallo. Ɗaya ya tsaya a kan kunya ya ce, "Alhaji, an ce ka samu ƙarin girma, ka koma sama!" Na so in rama, amma ihun kora ya riga ya cinye mini murya. Shagona yana rufe, masu jirage suka koma saye a wajen maƙwabcina, wasu har yau ba su dawo ba. Wuyana ya saɓule, tafin hannuna ya yi kanta. Amma a kwanakin nan na ga abin da ban taɓa gani ba ina riƙe da rimot: na ga inda tsuntsu ke zuwa bayan ya tashi.

Ana saura kwana biyar, wani garke ya zo da ya fi ƙarfin gwangwani. Aka ja, aka yi ihu, ko gezau. Sarkin Noma da kansa ya zo gindin rumfar ya ce, "Ina dodon naka? In za ka iya tashinai daga tudu, tashe shi." La'asar ce, wato rana za ta kasance a cikin idona. Na dubi Baba. Ya cire baƙin tabaransa ya miƙo mini.

"Karya dokar. Ni na kafa ta, kuma ba ni da gona sa'ad da na kafa ta."

Na tsaya a bayan gonar ƙarshe ta wajen tudu, da malafar Mama Saratu a ka da tabaran Baba a ido. Na tayar da shahon, na ɗauko tsuntsayen daga baya a hankali, masu igiya suna karɓa gona bayan gona, har muka zuba su a ciyawar bakin ruwa. A juyowa ta ƙarshe shahon ya ratsa ta gaban rana, na rasa shi, ya faɗa ruwa. Dokar Baba gaskiya ce, ba ta daina zama gaskiya ba. Wani masunci ya tsamo mini shi bayan kwana biyu, inji ya mutu, soso ne ya rage. Shi ne wannan da kuke gani a rataye.

Aka yanke shinkafar. Ba ta kai ta shekarun baya ba, amma ta kai su har sabuwa ta shigo, Mama Saratu ba ta auna ko mudu a kasuwa ba. Ranar da zan tafi ta kwance gwangwani ɗaya daga igiya ta ba ni. Baba ya ce shi ne takardar shaidata, tun da a karatun farko bai ba ni ba.

Har yanzu ina yin shaho, kuma ina zuwa kora. Amma ba na yi wa mutum ɗaya. Sai fadama ta haɗa baki, Sarkin Noma ya nuna mini inda zan tsaya, kuma igiyoyi suna nan a ɗaure. Alhaji Bawa ya ce na cika tsari, ya sayo nasa jirgin daga birni ya ba ɗan ƙanensa. A kan itacen giginya jirgin ya kwana ranar farko.

Saboda haka duk wanda ya zo ya ce in koya masa, ba na ba shi reza. Ina ba shi kuɗin mota zuwa ƙauyen su Mama Saratu lokacin da shinkafa ke ɗaukar nono, ya hau rumfa mako guda. Baba ya rasu, amma ita tana nan, kuma bakinta bai tsufa ba. Da yawa sun karɓi kuɗin motar. Biyu ne suka kai ƙarshen makon. Ɗaya yanzu ya fi ni iya tuƙi, ba na jin kunyar faɗa. Ɗayan ya aiko mini da saƙo cewa in riƙe sosona, shi ya samu gona.